Ka nemi masu harbi kafin ka nemi shagon bindigar iska

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Na daɗe ina son rubuto muku wannan wasiƙar amma ina ta jan ƙafa, saboda na san da zarar mutum ya ambaci bindiga sai a fara yi masa wani irin kallo, wasu ma ba za su ƙarasa karantawa ba. Abin da ya sa nace yau kam sai na rubuta, a satin nan kaɗai mutum uku suka tare ni da tambaya iri ɗaya, wai a wane shago za su samu bindigar iska mai kyau, kuma wacce ta fi ƙarfi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya tambaye ni ina zai je ya koya, ko su waye ke wannan wasan a kusa da shi, ko a ina ma zai yi harbin in ya saya. Ni ma da ƙafar da na fara kenan shekara shida da suka wuce, kuma na ga abin da ta kusa jawo min, shi ya sa nake roƙon ku ba ni ɗan fili a shafinku.

Ga wanda bai sani ba, bindigar iska ba ta da albarushi, ba wuta a cikinta, iska ce da aka matse take tunkuɗa ɗan ƙaramin harsashin dalma wanda muke ce wa felet, mai faɗin milimita 4.5 nauyinsa wajen rabin giram ne kawai. Akwai mai sifirin wacce kake karya ta a tsakiya ka ɗana, akwai mai 'yar kwalbar gas ta CO2, sai kuma wacce ake ɗura wa iska a silinda da famfo ko da babbar tukunya, ita ake kira PCP, tana ɗaukar matsin iska har bar 200 wasu ma 300. Ba sabon abu ba ne, tun wajen 1780 sojojin Ostiriya suka riƙe wata mai suna Girandoni. Yau dai mafi yawan masu ita wasa suke yi, harbin takarda da ƙarfe, kuma tun gasar Olamfik ta 1984 da aka yi a Amurka ake fafatawa a harbin mita 10 da ita, maza da mata.

Tawa ta farko ta intanet na saya, cinikin biri a sama, hoto kawai na gani. Mai sayarwar yace min ita ce ta fi kowacce ƙarfi, ya haɗa min da madubin saiti wai kyauta, ni kuma naji daɗi na tura kuɗi. Sati biyu ba a yi ba madubin ya sukurkuce, layin da ke ciki ya karkace, sai daga baya can na gane cewa bindiga mai sifirin girgiza biyu take yi, gaba da baya, kuma madubin da ba don ita aka ƙera shi ba kashe shi take yi. Lokacin ba ni da wanda zan tambaya. A bayan gida nake harbina ni kaɗai, in ɗora gwangwani a kan wata tsohuwar tayar mota in yi ta bugu, ina ganin ai taya za ta tare duk wanda ya kuskure. Wata ranar da yamma yarona, lokacin shekararsa bakwai, yana tsaye a gefena ɗan baya kaɗan yana ƙirga min gwangwanayen da suka faɗi, na saki ɗaya ya yi ƙasa ya daki tayar, wallahi ban ma gama sauke bindigar daga kafaɗa ba naji ya ƙwalla ƙara ya dafe fuska. Felet ɗin ne ya dawo, roba ta cillo shi, ya same shi a ƙashin kunci, tsakaninsa da ido bai fi faɗin yatsa ɗaya ba. Jinin kaɗan ne, tabon ma yanzu sai ka matso za ka gani, amma har yau in na tuna yadda hannuna yake rawa ina buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya don in ga ko idon yana nan, sai gabana ya faɗi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ni a kan ɗana na kusa ganin wannan maganar ƙiri-ƙiri. Na kulle bindigar wata takwas ban taɓa ta ba.

Abin da ya fi ci min rai daga baya shi ne, ranar farko da na shiga cikin masu wannan wasan, cikin minti biyar wani ya gaya min ba a harbin taya, ba a harbin busasshen katako mai tauri, ba a harbin saman ruwa, duk suna dawo da felet ko su karkatar da shi. Ilimin da kowa a wurin ya sani kamar sunansa, ni kuwa sai da jinin ɗana ya zuba na sani, don kawai na fara da shago ban fara da mutane ba.

To ta ina ake nemo su? Kafin ma nan, doka. Wannan ba abin da za ka ji a bakin abokai ka hau kai ba ne, don kowace ƙasa da nata tsarin kuma bambancin ba kaɗan ba ne. A Ingila in ƙarfin doguwar bindigar bai wuce kusan jul 16 ba (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi), wanda ya kai shekara 18 zai iya saye ba lasisi, amma ka tsallaka Sikotland, ƙasa ɗaya ake ce musu fa, tun ƙarshen 2016 sai da takardar izini. A Jamus iyakar jul 7.5 ce, kuma sai an buga wa bindigar harafin F a cikin wani zane mai kusurwa biyar. A Kanada in gudun felet ya wuce mita 152 a daƙiƙa kuma ƙarfinsa ya haura jul 5.7, to lissafin bindiga sosai ake mata. Akwai ƙasashen da ko wacce iri ce sai da lasisi, akwai inda shigo da ita ma laifi ne. Saboda haka ka tashi da ƙafarka ka je ofishin da ke ba da izinin makamai a inda kake, yawanci 'yan sanda ne, ka tambaya, in da hali a ba ka amsar a rubuce. Kuma duk inda ake fama da matsalar tsaro mutum ya ƙara kula, jami'in da ya hango ka daga nesa da abu mai kama da bindiga ba zai tsaya tambayar ta iska ce ko ta wuta ba. A cikin jaka rufaffiya ake ɗaukarta, ba felet a ciki, takardunka a aljihu, daga gida zuwa filin harbi daga fili zuwa gida, ba ratse.

Wajen neman mutanen kuwa ni hanyar da ta fi min amfani daga sama na gangaro. Akwai hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, wacce aka kafa tun 1907, hedkwatarta na birnin Munik a Jamus, tana da jerin hukumomin ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Ka duba ta ƙasarka, ka rubuta musu ko ka buga waya kace ina son koyon harbin mita 10, wane kulob ne ya fi kusa da ni. In ba su amsa ba ka bi ta kwamitin Olamfik na ƙasar ko ofishin wasanni mafi kusa da kai, kar ka yi fushi don an bar ka kana jira, irin waɗannan ƙananan wasannin sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu ke riƙe da komai kuma suna da wani aikin daban da suke ci da shi. Bayan nan sai ka bi ta gefe, jami'o'i da makarantun da ke da 'yan kadet ko 'yan sikawut, kulob ɗin wasanni na sojoji da na 'yan sanda wanda wasunsu suna karɓar farar hula a wasu ranaku, da masu wasan kwari da baka. Ni ta hannun wani kocin kwari da baka na samu nawa, na je kallon atisayensu ne kawai muka shiga hira, yace ai akwai wasu dattawa da ke haɗuwa duk ƙarshen mako a wani tsohon zaure suna harbin takarda, ya ba ni lambar ɗaya daga cikinsu. Shekara biyu ina zaune ina cewa babu kowa, ashe tafiyar rabin awa ce tsakanina da su. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne.

Wata dabara da ba kowa ke tunaninta ba, ka tambayi masu ɗura iska a tukunyar masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa in akwai su a yankinku, don masu PCP wurinsu suke zuwa cika tukunya, sun san su ɗaya bayan ɗaya. Haka masu gyaran bindigar mafarauta da masu sayar da kayan kamun kifi. Facebook da WhatsApp ma suna da amfani, na samu abokai na ƙwarai ta nan, amma ka riƙe su a matsayin ƙofa kawai, ka shiga ka tambayi ina ake haɗuwa ido da ido kuma yaushe. Duk zauren da ka ga hirarsu ba ta wuce yadda za a ƙara wa bindiga ƙarfi ta haura abin da doka ta yarda, ko hotunan tsuntsayen da aka kashe don nishaɗi, ko wani na cewa turo kuɗi in aiko maka, ka fice ba sallama.

Ranar da na fara zuwa zauren nan ba zan manta ba. Na shigo da jakata a kafaɗa ina ta murna, tun daga bakin ƙofa wani dattijo mai farin gemu ya ɗaga min hannu yace yaro tsaya nan, ajiye ta kan teburin can bakinta na kallon bango. Na ajiye. Yace buɗe ta. Na karya ta, ya leƙa da kansa ya ga ba komai a ciki, sannan ya zaro wani siririn zaren roba mai launin lemo daga aljihunsa ya zura ta gindin bututun har ya leƙo ta baki, yace daga yau duk lokacin da ba harbi kake ba wannan zaren yana ciki, kowa ya hango daga nesa ya san bindigarka ba komai a cikinta, ba sai ya yarda da maganarka ba. Nace to Baba. Sai a lokacin ya miƙo min hannu muka gaisa ya tambayi sunana. Ranar ko harbi ɗaya ban yi da tawa ba, ta kulob ya ba ni, wata tsohuwa ƙirar kamfanin Feinwerkbau da duk fentin gindinta ya goge saboda hannaye, ya tsaya a bayana yana cewa saki kafaɗarka, kar ka riƙe numfashi da ƙarfi, kar ka fizgi kunamar, matsa ta a hankali har harbin ya zo maka ba zato. A layin da ke kusa da ni wata yarinya ce da ba ta wuce shekara 14 ba, da aka jawo takardarta na ga rami ɗaya na ɗauka sau ɗaya ta samu, Baba yace ƙirga da kyau, biyar ne a wurin.

Malam Edita, mutane ba su san irin wahalar wasan nan da daɗinsa ba. Takardar mita 10 gaba ɗayan faɗin zagayenta milimita 45.5 ne, ɗigon tsakiya mai maki goma kuwa rabin milimita ne, kamar ɗigon da ke ƙarshen wannan jimlar. A tsaye ake harbi, ba jingina, ba madubin da ke kusanto da abu, bindigar kuma tana iya kai kilo 5.5. Harbi 60 cikin minti 75, kowanne mafi girman makinsa 10.9, jimla 654, kuma manyan duniya suna haura 630, ka ga kenan kusan kowane harbi sai sun taɓa wannan ɗigon. Bugun zuciyarka ma kana ganinsa yana motsa bakin bindigar. Kuma bindigar da suke wannan abin da ita ƙarfinta wajen jul 7.5 ne kawai, shi ya sa in mutum ya tambaye ni wacce ta fi ƙarfi nake gane bai taɓa shiga cikin masu yi ba. Ni wasan nan ya koya min nutsuwar da ban samu a wani wuri ba, in na shiga da ɓacin rai takardar ce ke fara gaya min.

Wanda kuma ba ya son zaman ɗaki akwai na fili, wanda aka faro a Ingila wajen 1980, ana kafa ƙarafa masu siffar ƙananan dabbobi a cikin itatuwa, kowanne da ɗan rami a jikinsa mai faɗin milimita 15 zuwa 40, nisa har wajen mita 50, in felet ya shiga ramin sai ƙarfen ya kife, a ja igiya ya miƙe. A nan kai za ka ƙiyasta nisan da kanka ka karanci iska. Kulob da yawa suna yin ɗaya ne cikin biyun, shi ma dalili ne na ka san mutanenka tukuna, kar ka je ka sayi bindigar fili alhali duk na kusa da kai 'yan mita 10 ne.

Ba kowane wurin da aka rataye takarda ake kira filin harbi ba, wannan ma sai an faɗa. Na taɓa zuwa wani wuri da aka yi ta yaba min, na tarar ana harbi wani yana can gaba yana gyara gwangwani, ana ta dariya, wani ya juyo da bindiga a hannu yana amsa waya bakinta na yawo a kan cikin mutane. Ko zama ban yi ba na juya. Wurin kirki za ka ga dokokinsa a manne a bango, akwai mutum ɗaya da shi ke ba da umarnin a fara da a tsaya, kuma kalmar tsaya kowa na da ikon faɗinta ko yaro ne, in aka faɗa kowa ya sauke ya buɗe. Akwai layin da ba mai tsallakawa sai an ba da izini, bayan takardun akwai akwatin ƙarfe mai tare felet da bango ko tudun ƙasa, akwai littafin da kowa ke sa hannu, da akwatin taimakon gaggawa, da tabarau na kariya musamman in ƙarfe ake harbi, da wurin wanke hannu don dalma guba ce, ba a taɓa ta a ci abinci ko a sa felet a baki kamar yadda na ga wasu na yi. Ka tambaye su takardar izininsu, masu gaskiya ba sa jin haushin wannan tambayar, daɗi ma suke ji.

Sai bayan duk wannan ake maganar shago, kuma lokacin ma za ka ga abin ya zo da sauƙi don 'yan kulob sun riga sun san wane mai shago ne ɗan amana wane ne ɗan cuwa-cuwa. Wata uku na yi ina harbi da ta kulob da ta abokai kafin na sake sayen komai, na taɓa Weihrauch da Diana na Jamus, na taɓa Air Arms da BSA na Ingila, da Gamo ta Sifaniya da Hatsan ta Turkiyya, na gane wacce ta zauna min a kafaɗa wacce ta yi min nauyi. Mai shagon kirki shi zai fara yi maka tambaya, shekarunka nawa, ina takardarka, me za ka yi da ita, a ina za ka harba. Yana da na'urar auna gudun felet ya gwada a gabanka ka ga ba ta haura doka ba, ya ba ka rasit mai lambar bindigar a jiki, kuma in ka tambaye shi safaya, sifirin da robobin da ke riƙe iska, ya ɗauko ya nuna maka ko ya gaya maka wa ke gyara. Bindigar da ba a samun robarta in ta fara yoyon iska ta zama sanda. In ta hannu za ka saya ka tafi da wanda ya sani, in PCP ce ku duba shekarar da aka buga a jikin silindar, don a dokar gasa ma silinda ba ta wuce shekara 10. Kuma don Allah, iska busasshiya kawai ake ɗura mata, duk wanda yace maka zai cika ma da iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti ka gudu, fashewa take yi. Mai sifirin kuma ba a harba ta ba felet a ciki, ba a ɗiga mata man inji a ɗakin iska.

Felet ma kansa wani karatu ne. Gwangwani ɗaya yawanci 500 ne, amma ka juya ƙasansa za ka ga an rubuta 4.49 ko 4.50 ko 4.51, kuma kowace bindiga da wanda take so, biyu 'yan kamfani ɗaya ma sai ka ga sun bambanta. Mai faffaɗan kai na takarda ne don yana yanka rami tsaf, mai zagayayyen kai na nesa ne. A kulob wannan ya ɗebo maka goma na kamfanin JSB, wancan goma na H&N, wani na RWS, ka gwada a yini ɗaya ka san naka, maimakon ka yi ta sayen gwangwani-gwangwani kana zargin hannunka.

Na san wani zai ce to ni na nema na rasa, babu kulob babu fili a inda nake. Yana faruwa. Amma fa ku tuna kowane kulob wasu ne suka fara shi. Ƙungiyar maharba ta Jamus da aka kafa a 1861 yau mambobinta sun haura miliyan ɗaya, kuma ƙarfinta a ƙananan kulob na ƙauyuka yake, zaure ɗaya layi biyar ko shida. Harbin mita 10 ba ya cin wuri, ɗaki mai tsawon mita 13 ko 14, haske mai kyau a kan takarda, akwatin tare felet, ƙofa ɗaya a bayan masu harbi wacce za a iya kullewa, shi kenan. Abin da ke da wuya shi ne mutum huɗu ko biyar masu hankali da za su yarda su bi doka ko ba mai kallonsu, su je wurin hukuma tare su nemi izini a rubuce kafin su harba ko ɗaya, su sanar da mai wurin da maƙwabta, su nemi hukumar wasan ta turo musu koci ko da sau ɗaya a wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Ingila an daɗe ana gasa ta gidan waya, kowane kulob ya yi harbinsa a zaurensa da shaidu a aika takardun a haɗa maki, yanzu kuwa da waya a hannun kowa nisa ya daina zama uzuri.

Dubi Indiya. A 2008 a Beijin Abhinav Bindra ya ci zinare a harbin mita 10, shi ne zinaren farko da wani ɗan ƙasar ya ci shi kaɗai a Olamfik, 2012 Gagan Narang ya ƙara da tagulla a Landan, daga nan iyaye suka fara kai 'ya'yansu, filaye suka yawaita. Avani Lekhara a kan keken guragu take, ta ci zinare a gasar nakasassu ta Tokiyo ta sake ci a Faris a 2024. A Faris ɗin dai wacce ta ci zinaren mata, Ban Hyo-jin ta Koriya ta Kudu, lokacin shekararta 16. Wasa ne da ba ya tambayar tsawonka ko ƙarfin damtsenka, mace da namiji harbi 60 ɗin nan ɗaya suke yi tun 2018, dattijo da jikansa suna tsayawa layi ɗaya. Ina da yaƙinin akwai yara masu irin wannan idon da wannan nutsuwar a cikin masu karanta jaridar nan, amma ba za a taɓa sani ba in dai bindigar tana bayan gida ana harbin ƙadangaru da ita.

Iyaye kuma ina roƙonku da girman Allah, kar ku saya wa yaro bindigar iska a matsayin abin wasa ku miƙa masa ku juya baya. Tana fasa ido, tana huda fata, an sha rasa rai ta dalilinta. In yana so ku kai shi inda ake koyarwa ku zauna ku kalla, a gida kuma a kulle take, felet a wani wurin daban, makulli a hannunku. Yaron nan nawa da na ba ku labari yanzu shekararsa 13, da kansa yace yana son ya koya, mahaifiyarsa ta ƙi sai da ta bi mu ta ga wurin da idonta ta ga yadda Baba ke tsare ƙofa sannan ta yarda. Yanzu shi ke duba min ko na sa zaren lemon nan kafin in rufe jaka.

Roƙona gare ku Malam Edita guda biyu ne. Shafinku na wasanni kusan kullum ƙwallo ne daga sama har ƙasa, ba na ƙin ƙwallo, amma ku ɗan tsaga mana ko da kwata ne sau ɗaya a wata, ku tura wakilinku ya nemo kulob ɗin harbi masu rajista da na kwari da baka ya je ya gani ya rubuto, ya zanta da hukumar da ke ba da izini ta fayyace wa mutane abin da doka ta ce da Hausa ƙarara. Na biyu, ku buɗe ɗan gurbi inda kulob masu takardar izini za su riƙa sanar da ranakun da suke karɓar baƙi, ku kuma ku tabbatar da takardun nasu kafin ku buga. Mutum ukun nan da suka tambaye ni shago na ce musu su zo ranar Asabar da safe hannu rabbana, kar su sayi komai, biyu sun amsa za su zo, na ukun har yanzu ina lallaɓa shi.

Na gode da haƙurin karantawa, Allah ya bar zumunci. Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum